KALMOMIN WAHALA DA FARGABA A TURANCI: Jan Hankali Ga Malaman Ofis Da Na Makaranta

Ko wane malamin ofis ko malamin makaranta da ke aiki a ƙasar Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya san wata irin takarda wadda ba a koya masa rubuta ta a kwaleji ba, amma yau ita ta fi yawa bisa teburinsa. Watau takardar da a ke rubutawa da Turanci don a kai kukan jama'a gaba: ƙauye kaza an tashe shi, makaranta kaza ta watse, mutum kaza sun kwana a daji. Tun wajen shekarar 2011, da fitinar ɓarayin daji ta kunno kai a Zamfara, irin wannan takarda ba ta yanke ba. Mun karanta da yawa daga cikinsu, na hedimastoci da na malaman hakimai da na akawunan ƙananan hukumomi, kuma abin da muka lura shi ne kusan dukansu da kalma guda su ke aiki. In takarda ta fito daga Kuryar Madaro, sai ka ga an rubuta "the people are suffering". In daga Zurmi ta fito, haka. In daga Shinkafi, haka. Ba ƙarya suka yi ba. Amma wanda ya karanta irin wannan magana sau hamsin a mako guda, ta hamsin da ɗaya ba za ta motsa shi ba, kuma ba za ta gaya masa abin da zai aiko ba.

A zamanin En'e abin bai kai haka wuya ba. Malamin hakimi da Hausa ya ke rubutu, D.O. kuwa dole ne ya ci jarrabawar Hausa, sa'an nan ga rangadi, in bai gane takarda ba ya zo ya gani da idonsa. An rushe En'e a 1976, aka kafa ƙananan hukumomi. A 1996 aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato. Yanzu takardar da hedimasta ya rubuta a Kuryar Madaro ta kan bi ta Ƙauran Namoda ta tafi Gusau, daga can wani sashe nata ya shiga cikin rahoton da za a aika Abuja, ko ofishin wata ƙungiyar agaji, inda mai karantawa watakila mutumin Kenya ne ko Faransa, bai taɓa ganin gulbin Gagare ba, ba ya jin ko "sannu". Ba shi da kome a hannunsa sai kalmar da aka rubuta. Da ita zai raba takardu kashi kashi: wannan ta masu abinci ce, wannan ta likita, wannan ta soja. To, ashe zaɓen kalma a nan ba sha'anin ƙwalisa ba ne.

Kada wani ya ce laifin Hausa ne, wai ba ta da kalmomi. Duk wanda ya zauna kusa da tsohuwar da aka koro daga ƙauyensu ya san ba haka ba ne. Za ta ce maka sun sha wuya a hanya, ƙafarta tana zogi, tun ran nan ba ta rabu da faɗuwar gaba ba, jikanta ya kan firgita cikin barci, abin da ya fi ba ta takaici kuwa shi ne hatsin da suka baro a rumbu. A numfashi ɗaya ta kawo abu biyar, ko wanne da sunansa, ba ta sa wani a gurbin wani ba. Bahaushe ya raba tsoro da fargaba, ya raba fargaba da zullumi. Razana dabam, firgita dabam. Juyayi da alhini na abin da ya riga ya faru ne, taraddadi na abin da ba a san yadda zai kasance ba. Wahala ba ta kai azaba ba, azaba kuwa in ta daɗe ta zama uƙuba. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai ga Baturen ya sha aiki kafin ya samo wa irin waɗannan kalmomi abokan zama a Turanci. Inda gizo ke saƙa shi ne a aji: yaro ya zo da kalma goma daga gida, mu kuwa mu ba shi ta Turanci guda ɗaya mu ce ta ishe shi.

Bari mu fara da "suffer" ɗin nan da kanta. Asalinta daga Latin ne, kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya "ƙarƙashi", ɗaya "ɗauka". Watau hoton ɗan dako ne a ƙarƙashin buhu. Kalma ce mai nauyi a bakin mutanen Ingila, ba su cika jefa ta ko ina ba. Mu ne a Nijeriya muka cinye mata kaifi, har wanda ya jira mota sa'a guda a tasha ya ce "I have suffered". Ga mai son ya yi aiki da ita daidai, hanya biyu ce ta fi amfani. In cuta ce, sai a biyo ta da "from" a faɗi sunan cutar, kamar "suffering from measles" ga mai ƙyanda. In hasara ce ko rauni, sai a faɗi abin kai tsaye ba "from", kamar "suffered heavy losses". A duk hanyoyin biyu, ka lura, kalmar tana neman a faɗi abin da aka sha. In aka bar ta tsirara, kuka ne kurum.

Abin da galibin malamanmu ke nufi in sun rubuta "suffering" shi ne "hardship", watau wuyar zaman duniya: rashin abinci, rashin muhalli, tsadar kaya, gonar da ba ta nomuwa sai an biya 'yan bindiga haraji. In abin ya kai mutum ba shi da kome ƙaf, ba na ci ba na sawa, shi ne "destitute". Amma ko nan ma gara a matsa kusa da abin. "Hunger" yunwa ce, kowa ya san ta, mai azumi ma yana jin ta. "Malnutrition" kuwa tamowa ce, cuta ce da a ke aunawa da tsinken awo a damtsen yaro. A shekarar 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ta daɗe tana aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu, ta sami kimanin ɗaya cikin huɗu yana da tamowa. Labarin ya zaga duniya, ba don sun fi mu tausayi ba, sai don sun kira abin da sunansa, sun kuma sa masa lissafi. Kalmomi uku su kan raka irin wannan bayani, ya kamata a riƙe su. "Severe" mai tsanani. "Acute" wanda ya auko yanzu da ƙarfi. "Chronic" wanda ya daɗe ya zauna. Mun sha ganin an rubuta "chronic" da nufin "mugu ƙwarai", ba kuwa haka ta ke ba.

Akwai wata kalma da ta shigo ofisoshinmu ta yi kaka-gida, wadda mu a ganinmu ta fi "suffering" ɓarna, ita ce "challenges". Ma'anarta ƙalubale, watau abin da namiji zai ɗaura ɗamara ya tunkara. A watan Yuni na 2021 'yan sanda suka ba da labarin an kashe mutum 53 a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin ƙasar Zurmi. Wanda ya kira irin wannan "security challenges" ya lulluɓe gawa da mayafin biki. Mun san dalilin da ya sa a ke son kalmar. Ba ta ɓata wa na sama rai, ba ta jawo wa mai rubutu tambaya. Amma fa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ciwon jiki ba su da wuya, ba za mu daɗe a kansu ba. "Pain" zafin ciwo ne ko wane iri. "Ache" shi ne mai nukurkusa, wanda ba ya tsanani amma ba ya tafiya, kamar na kai ko haƙori. "Sore" wurin da in an taɓa a ji zafi, ko gyambo. "Agony" azaba ce ta ƙarshe, asalinta daga kalmar Girkawa ta kokawa, kamar mutum yana kokawa da ransa, saboda haka ba a ba mai mura ita. Abu ɗaya kurum za a kiyaye: in aka ce mutum "took pains", ba ciwo ya ji ba, ƙoƙari ya yi ya ƙyautata aikinsa.

Inda aikin ya ke shi ne wajen kalmomin zuciya, musamman ukun nan, "fear" da "worry" da "anxiety". "Fear" tsoro ne, kuma tsoro yana da abin da a ke nunawa da yatsa. Ga babura sun ɓullo daga gabas, ga ƙarar bindiga, ga maciji a ɗaki. In abin ya wuce, tsoro ya kwanta. "Anxiety" kuwa ba ta da abin nunawa. Babu kowa a bakin gari, dare ya yi tsit, amma mutum ya kasa runtsawa, gabansa na faɗuwa, kunnensa na waje. Ba abin da ya faru, abin da zai iya faruwa ne ke cin sa. Wannan ita ce fargaba, in kuwa ta haɗu da jiran abin da a ke gudu, zullumi ke nan. "Worry" ita ce ƙaramarsu, kuma aikin tunani ce: mutum ya ɗauki magana guda yana ta juya ta, kuɗin makaranta, bashin taki, ɗan da ya tafi ci-rani bai aiko ba. Damuwa ke nan a ainihin ma'anarta.

Mutanen wannan yanki sun ga bambancin nan da idonsu a watan Satumba na 2021. A ranar 1 ga watan aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, Gwamnatin Jiha ta rufe makarantu. Kasuwannin mako mako an riga an hana su ci. Bayan kwana biyu aka yanke layukan waya a jihar duka, aka kuwa yi makonni a haka. To, a ɗauki magidanci a Kuryar Madaro wanda ƙanensa ke hannun 'yan bindiga, ko uwa wadda ɗanta ke karatu a Zariya. A wannan lokaci ba wanda ya ɗora musu bindiga. Abin da ya same su shi ne rashin labari: ba su san ko yana da rai ba, ba su san ko an kira ba a same su ba. Wanda zai rubuta halin da su ke ciki ya ce "fear", ya kusa amma bai kai ba. "Anxiety" ce tsantsa.

Abin sha'awa, in aka tono asalin kalmomin nan sai a ga Bature da Bahaushe wuri guda suka sa hannu. "Anxiety" daga wata kalmar Latin ta fito mai ma'anar shaƙewa ko matsewa. 'Yar'uwarta "anguish", wadda ta fi ta zafi, asalinta "wuri marar faɗi", watau dai ƙunci, ba ragi ba ƙari. "Worry" a tsohon Turanci maƙurewa ce, har yau kuwa makiyayan Ingila in kare ya kama tunkiya a wuya yana girgiza ta da wannan kalma su ke faɗi. "Stress" da "distress" kuma daga ɗaurewa tamau. Mu ma ai cewa mu ke yi abu ya tokare mana ƙirji, ko ya tsaya mana a rai, ko duniya ta yi mana ƙunci. Malamin da ya nuna wa yara wannan, ba za su sake mantawa da kalmomin ba, don sun riga sun san wurin a jikinsu.

Amma akwai ramuka a hanya, kuma masu ilmi ma suna faɗawa. In aka ce "anxious about", fargaba ce game da abu. In aka ce "anxious to", ɗoki ne da ƙaguwa. Hedimastan da ya so ya ce iyaye suna fargabar mai da 'ya'yansu makaranta, in ya rubuta "parents are anxious to send their children back", ya faɗi kishiyar abin da ya ke nufi sarai, ya ce sun ƙagu a buɗe. Ƙaramar kalma guda, ga ta kamar ba kome, amma tana iya sa a buɗe makaranta a inda bai kamata ba. Haka nan "worry" da "disturb". Mun saba cewa "ciki yana damuna", sai mu juya shi kai tsaye mu ce "my stomach is worrying me", ko "malaria is disturbing him". A nan gida kowa ya gane. Amma in aka rubuta a kan yaro cewa "he is disturbed", likitan waje zai ɗauka hankalinsa ne ya taɓu. "Tension" kuma zaman ɗar-ɗar ne tsakanin jama'a, ko ɗaurewar jijiya. Ba ita ce "hypertension" ba, wadda ta ke hawan jini, cutar da a ke ganewa da abin awo, mutum yana iya kasancewa da ita hankalinsa kwance.

Sai kuma a san cewa "anxiety" tana da fuska biyu, ta kasuwa da ta asibiti. A bakin jama'a, fargaba ce wadda ko wane mai hankali zai ji in yana zaune kusa da dajin Sububu. Wannan ba cuta ba ce, hankali ne. A bakin likita kuwa, in ya ce "anxiety disorder", yana nufin fargabar da ta wuce dalilinta, ta ɗauki watanni, ta hana mutum barci da aiki da shiga mutane ko da an kai shi inda ba abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke da irin wannan a duniya a shekarar 2019. Tana da magani. Malamin ofis ba shi ne zai yanke hukuncin wace ce daga ciki ba, amma ya kamata ya san in ya ƙara kalmar "disorder" ya shiga gonar likita.

"Panic" ruɗewa ce ta farat ɗaya, irin wadda ta kan watsa kasuwa in wani ya yi ihun ga su nan. "Shock" a maganar yau da kullum kaɗuwa ce, amma a asibiti tana nufin jini ya kasa zagaya jiki, kamar ga wanda ya zubad da jini da yawa, kuma mai ita yana bakin mutuwa. Wadda ta fi su shiga bakin mutane a 'yan shekarun nan ita ce "trauma". Da Girkanci ma'anarta rauni, kuma har yanzu likitan fiɗa in ya faɗe ta raunin jiki ya ke nufi, harbi ko karaya ko haɗarin mota. Daga baya aka ara wa zuciya. A yaƙin duniya na farko likitocin Ingila suka ga sojoji suna dawowa daga fagen fama ba ko ƙwarzane a jikinsu, amma suna makyarkyata, wasu sun kurumce, wasu ba sa magana. A 1915 wani likita, Charles Myers, ya rubuta bayaninsu da sunan "shell shock", don an zaci girgizar harsashin igwa ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da abin cikin littafinsu na cututtuka da sunan da a ke taƙaitawa PTSD. Alamunsa su ne abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko a farke kamar yanzu a ke yi, ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya riƙa zabura da ƙaramin motsi, kuma a wuce wata guda a haka. Kakanninmu ba su jira 1980 ba, sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Wannan kalma ta shafi malaman makaranta fiye da kowa. 'Yan matan Jangebe 279 da aka sace a ranar 26 ga Fabrairu 2021 an sako su bayan 'yan kwanaki, duniya ta yi murna, masu ɗaukar hoto suka koma gida. Amma ko wane malami a yankin nan yana da yara a ajinsa waɗanda ba jaridar da ta san da su: wanda ya kan shige ƙarƙashin benci in babur ya wuce da gudu, wadda da ita ce ta ɗaya yanzu ba ta ɗaga hannu, wanda ya koma fitsarin kwance yana ɗan shekara goma. A littafin aji sau da yawa abin da a kan rubuta musu shi ne "dull", ko "stubborn", ko "lazy", bulala kuwa ta biyo baya. Kalmar da ba daidai ba ta jawo hukuncin da ba daidai ba. Amma kuma kada a zarce. Ba duk wanda ya ga tashin hankali ne ke kamuwa ba, mafi yawa su kan warware da kansu in sun sami kwanciyar hankali da 'yan'uwa a kusa. Wanda ya rubuta cewa garin duka "traumatised" ne, ya sake komawa gidan jiya, ya yi wa "trauma" abin da aka yi wa "suffering".

Haka "grief" da "depression". "Grief" baƙin cikin rashi ne, asalinta daga kalmar nauyi. Matar da ke takaba tana cikinsa, ba ta kuwa bukatar likita, ta'aziyya ta ke bukata da abinci. "Depression" a asibiti ita ce wadda yanzu a ke kira ciwon damuwa: mutum ya yi mako biyu ko fiye ba abin da ke masa daɗi, ba ci ba barci, yana ganin kansa ba shi da amfani, wani har ya fara tunanin rabuwa da duniya. Kalmar tana da wata ma'ana kuma ta tattalin arziki, watau karyewar ciniki, kamar wadda ta auka wa duniya a 1929, shekarar da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda, kuɗin gyaɗa ya faɗi tun manoma ba su gama murnar jirgin ba. Mai shirya yara don jarrabawa ya nuna musu ma'anonin biyu.

Abin da muke roƙo da babbar murya shi ne a bar rubuta "mad" ko "mental" a kan ɗan Adam a takardar Gwamnati. Takarda ba ta mutuwa, yarinya kuwa za ta yi aure wata rana. Dokar da Nijeriya ta gada tun 1916, aka sake mata fasali a 1958, da sunan mahaukata a ke kiran ta, kuma tsarewa ta sa gaba. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbinta, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a sirranta al'amarinsa. Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abekuta cewa masu irin wannan ciwo sun fi samun sauƙi in suna zaune cikin jama'a tare da danginsu. Mutanenmu in sun ji an ambaci Kware, inda asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya ya ke kusa da Sakkwato, sai su ɗauka an gama da mutum. Malamin da ya san bambancin fargaba da ciwon damuwa da hauka, shi ne zai iya gaya wa uba cewa ɗansa ba mahaukaci ba ne.

Har wa yau aikin yana da ɗaya gefen, watau juyowa daga Turanci zuwa Hausa. In ma'aikatan agaji suka zo da takardar tambayoyi, malamin makaranta a kan kira ya yi tafinta. A nan kuma "damuwa" ce ke yin abin da "suffering" ta yi a can: "worry" damuwa, "anxiety" damuwa, "stress" damuwa, "depression" damuwa. Tambaya huɗu ta zama ɗaya. Ga shi kuwa Bahaushe ko yana kan gargara aka ce yaya jiki, "da sauƙi" zai ce. Magidanci ba ya ce wa baƙo yana jin tsoro, balle a gaban iyalinsa. Abin da zai ce shi ne kansa na zafi, jikinsa ya mutu, tunani ya yi masa yawa. Wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, ya lura da irin wannan a wurin ɗaliban Nijeriya tun 1960: da zarar sun ɗauki littafi sai su ji kai ya ɗau zafi, ido ya dushe, kamar wani abu na yawo a cikin ƙwaƙwalwa, an kuwa duba ba a ga cuta ba. Ya kira abin "brain fag", da kalmar da ɗaliban da kansu ke faɗi. Tafintan da ya ji "yawan tunani" ya ce wa baƙon "he is thinking", ya zubar da maganar a ƙasa. Gara ya faɗi kalmar yadda ta ke, sa'an nan ya bayyana cewa a wurinmu wannan babbar ƙara ce.

Akwai kuma haƙuri, wanda shi ne sandar da jama'armu ke dogarawa. Abin mamaki, a Turanci kalma ɗaya ce ke nufin mai haƙuri da majinyaci, watau "patient", asalinta kuwa daga kalmar Latin ta jurewa. Ba mu ce a bar ba mutane haƙuri ba, Allah ya kiyaye. Amma in aka rubuta wa baƙo cewa mutane "are patient", ko "are coping", abin da zai fahimta shi ne suna iya ɗauka, a kai agajin wani wuri. Haƙurin da dattijo ya yi don Allah, bai kamata alƙalamin akawu ya mai da shi dalilin hana shi taimako ba.

To, yaya za a rubuta? Mu abin da mu kan gaya wa ɗalibanmu masu koyon aikin malanta shi ne su fara auna abin da Hausa, su tabbata wace kalma ce tsohuwar nan za ta faɗa, sa'an nan su nemo mata ta Turanci. In ba su tabbata ba, su bar kalmar su rubuta abin da ido ya gani. Maimakon a ce yara "are suffering", a ce cikin yara kaza da ke rajista kaza ne suka dawo, kaza daga cikinsu ba su karya kumallo ba, kaza su kan gudu daga aji in sun ji babur, tun wata kaza. Lissafin ya zama na gaskiya, wanda aka ƙirga da kai, ba a kuwa sa sunan yaro sai a takardar da za ta tafi hannun likita kaɗai. Mai karantawa a Gusau ko Abuja, in ya ga haka, shi da kansa zai san wane sashe na masu abinci ne, wanne na likita.

A aji kuma ba a bukatar sabon littafi. Malami ya raba allo biyu. A dama yara su kawo duk kalmomin wuya da tsoro da suka sani da Hausa, har da waɗanda su kan ji a bakin kakanninsu, su jera su daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, su yi gardama a kan jerin, don gardamar ita ce darasin. A hagu a jera na Turanci haka nan, ko wace da ƙaramar kalmar da ke raka ta, "afraid of", "worried about", "suffering from". Sa'an nan a ja layi tsakaninsu, a bar waɗanda ba su sami abokin zama ba a tsaye, kamar takaici, wanda har yanzu ba mu ga kalmar Turanci guda da ta ɗauke shi duka ba. Misalan jimla kuwa malami ya kawo su daga tatsuniya ko labarin wani gari, kada ya ce yaro ya tashi ya ba da labarin daren da aka shigo garinsu.